Allon Gidanmu da Ya Je Faransa

A shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka koma akurki suna neman barci, a shekarar ne taubashina ya zo daga Faransa. Muna fitowa daga masallaci bayan sallar husufin, mata na ta buga ƙwarya da tasa a cikin gidaje, sai wani direba ya tsayar da ni ya ce ya baro baƙo a tashar Tasawa yana tambayar gidanmu da sunan kakanmu.

"Malam, baƙi ne wuluk kamar ni," in ji direban, "amma tafiyar Nasara gare shi. Sauri yake yi ko ba inda za shi."

Nan take na san ko wane ne. Gwaggota, ƙanwar mahaifina, ta auri wani tsohon sojan Faransa tun ina rarrafe. Ya tafi da ita Abijan, daga can aikin tashar jiragen ruwa ya kai su wani gari a Faransa da ake kira Marsai. Can ta haifi ɗa guda, can ta tsufa, can Allah ya karɓi abinsa. Ba ta sake taka ƙasarmu ba. Ɗan nata ne ya zo, bayan rasuwarta da ƴan watanni.

Washegari na hau motar kasuwa daga Kanan Bakashe na je na same shi. Yana zaune a kan benci sanye da wata babbar riga mai aiki har gwiwa da ya saya a Yamai, ga hula ya kafa ta a ƙeya, ga takalmin sojoji, ga abin ɗaukar hoto rataye a wuya. Da ya gan ni sai ya miƙe ya tafa hannu.

"Wayyo ni ƴasu! Ɗan kawu ne? Lale lale da ɗan albarka!"

Direbobin tashar suka kwashe da dariya har wani ya riƙe ciki. Ba laifinsa ba ne. Duk Hausar da ya sani a bakin uwarsa ya ɗauke ta, don haka magana yake yi irin ta tsofaffin matan ƙauyenmu na da, da rantsuwarsu da salatinsu. Ni kam sai da hawaye ya zo mini, domin muryar kakata na ji a bakin ƙato mai gemu.

A wurinmu ɗan mace da ɗan namiji abokan wasa ne, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Na ce bari in gwada shi in ga ko gwaggo ta koya masa.

"To bawana, ɗauki jakarka mu tafi, ka zo ke nan gidan iyayengijinka."

"Kai ne dai bawan," ya ce. "Inna ta ce kada in yarda, tun kana rarrafe kai mai wayon tsiya ne."

Ashe ta koya masa.

Sana'arsa zane. Yana ɗaure farin yadi a jikin katako ya shafa masa fenti, a rataye a manyan ɗakuna, mutane su zo su tsaya su yi shiru suna kallo. Da na tambaye shi abin da ya kawo shi bayan gaisuwar dangi, sai ya ce neman kansa ya zo yi. Na ce ai ga ka nan zaune a kan tabarmata. Ya ce ba haka ba. A can, in ji shi, tun yana lakwal, wato makarantar boko, ana ce masa ɗan Afirka, duk abin da ya zana sai a ce a ina Afirkar take a ciki. Ya sauka Yamai kuma yara suka bi shi suna Nasara, Nasara. Yanzu so yake ya ga abu guda namu na asali, wanda hannun Bature bai taɓa ba, ya kafa aikinsa a kai.

Nan fa muka sha wahala. Bokitin roba ba ya so ya gani, kwanon silba ba ya so, fitilar batir ba ya so. Uwargidana ta gaji da ɓoye kaya a bayan rumbu duk lokacin da ya fito da takardar zanensa. Shayi kaɗai ya tsira, shi ma sai da ya yi mana bayanin inda sukari ya fito. Ran kasuwa ya je ya tsuguna gaban wata Bafulatana mai nono yana zana ƙwaryarta, tun tana haƙuri har ta ce masa ko ya sha fura ko ya tashi ya ba masu sha wuri. Ya sha. Ya kwana biyu yana zarya bayan gida.

Da la'asar mukan zauna a zaure ya ba ni labarin wani gidan tarihi da ke babban birninsu. Ya ce ya ga kayan ƙasarmu a can cikin gilashi, sirdi da ƙofar ɗaki da tandu da ganga, an kwaso su zamanin kumandan, wato Baturen mulki, ba a tambayi kowa ba. Har allo ya gani, wai an jingine shi kai ƙasa. In ya zo nan sai jijiyar wuyansa ta tashi, Hausa ta ƙare masa, ya koma Faransanci, ni kuwa in riƙa gyaɗa kai ina jan carbina.

Wata rana ya shigo ɗakina neman allura, sai idonsa ya faɗa kan wani abu da ke rataye a bango naɗe da farin ƙyalle. Na yi alwala na sauko masa da shi.

Allon saukar gidanmu ne. Duk wanda ya sauke karatu a zuriyar kakanmu, a kansa yake karanta Fatiha da farkon Baƙara ranar walima, a gaban malamai. Kuma ba a maimaita ado. In sabon mai sauka ya taso, sai a wanke allon tas, a shafe shi da farar ƙasa, babban gida ya zauna ya yi masa sabuwar zayyana, wato adon da ake zagaye rubutun da shi. Kakanmu ya yi wa ƴaƴansa, mahaifina ya yi mana. Wadda ke kai a lokacin ita ce ta ƙarshe da mahaifina ya yi, ga babban ɗana, shekara guda kafin tsohon ya rasu. Ja da rawaya da baƙi, da'ira cikin da'ira, da wasu ƙananan gidaje kamar na dara a gefe. Duk na bayyana wa taubashina wannan, yana ji yana kallo baki buɗe.

"Wannan ne," ya ce da ƙaramar murya. "Wannan ne na zo nema. Babu hannun kowa a nan sai namu."

Sai ya juya bayan allon. Ya matsa bakin ƙofa wurin haske, ya ƙura ido, sai kuma ya fashe da dariya har ya zauna daɓas a ƙasa.

A bayan allon akwai wasu baƙaƙen haruffan boko da suka dushe, an buga su da wuta a jikin katakon. Mu dai mun taso mun gan su, muna ce musu zanen Nasara, babu wanda ya damu ya karanta. Labarinsu kuwa kowa a gidan ya sani. Lokacin da aka kwashi samari aikin tilas na hanyar Tasawa, har da kakanmu, yana tsakiyar karatu. Ba a bar shi ya ɗauki allonsa ba. Da ya ga karatun zai zube, sai ya roƙi kukun kumandan, wani mutumin kirki, ya ba shi gefen wani akwatin katako da aka yar a bayan madafa. Da wuƙar yankan ciyawa ya sassaƙe shi, ya yi masa kai, ya goge shi da yashi. A kansa ya riƙe karatunsa har aka sallame su.

"Ka san abin da aka rubuta?" in ji taubashina yana share hawaye. "Sabulu. Sabulun Marsai. Ɗan kawu, a unguwar masu yin sabulun nan na girma! Inna takan rufe taga saboda warinsa."

Na ce to, ashe allon ɗan garinku ne, ku gaisa.

Daga ranar bai ƙara damun uwargidana a kan bokitin roba ba. Kullum yana ɗakina, ya zana gaban allon, ya juya ya zana bayansa. Ya ce katako ya taso daga can ya zo nan ya zama malami, shi kuma jininsa ya tashi daga nan ya je can ya zama mai fenti. Ya roƙe ni in koya masa haɗa tawadarmu, na ce sai ya zauna, ba aikin mai sauri ba ne.

Ana saura kaɗan ya koma sai ya zo mini da maganar aro. Za a yi nunin zanensa, yana so ya kafa allon a tsakiyar ɗakin, mutane su ga gabansa su ga bayansa. Kafin a yi shuka, in ji shi, allon ya dawo.

Uwargidana ta ja ni gefe. "Malam, mutumin da ya bar butar alwalarka a kasuwa shi za ka ba allon gida?"

Na so in hana. Amma ya faɗi magana guda da ta ɗaure ni. Ya ce, "Ni ma kakana ne." Gaskiya ce kuwa. Na naɗe allon da hannuna, na yi masa sharaɗin kada a taɓa gabansa babu tsarki, kada a ajiye shi a ƙasa. Na ce ran da allo ya dawo, ranar zan koya maka tawada. Muka tafa.

Aka yi shuka, aka yi girbi, aka sake yin shuka. Allo shiru.

Ba wai ya ɓace mana ba ne. Mutum ne mai zumunci. Da farko wasiƙa, da salula ta yawaita kuma sai murya da hotuna. Ya aiko mini da agogo, ya aiko da bargo, ya aiko wa uwargidana turare, wai na ba da haƙurin buta. In na ce allo fa, sai ya ce bayan wannan nunin. In wannan ya wuce sai wani ya taso a wani gari. Allon gidanmu ya ga ƙasashen da ni ko sunansu ban iya faɗa ba. Wata rana ya turo hoton wani Bature sanye da farar safar hannu yana ɗauke da shi kamar jariri ranar suna. Na ce wa uwargidana, ko ba komai dai sharaɗina na tsarki ya sami mai kiyayewa.

Ya kan turo hotunan zanensa ma. Manya ne, wani ya kai bangon zaure. Ga da'irorin mahaifina sun yi girma kamar ƙafar amalanke, ga haruffan sabulu suna ratsa su, ga jiragen ruwa, ga wata mace a bakin taga ta ba da baya. Ya ce innarsa ce. Na ce aikin ya yi kyau, sai dai a danginmu babu mai dogon wuya haka. Ya ce a can yanzu an daina tambayarsa ina Afirkar take, shi ma ya daina tambayar kansa.

A cikin shekarun nan ɗiyata ta sauke, ɗan ƙanena ma ya sauke. Dukansu a kan allon haya suka karanta, irin wanda ake manna wa takarda mai ado. Ya yi mini ciwo, amma na mayar da abin wasa, domin tsakanin taubasai komai da wasa ake faɗa.

"Bawana," na ce masa a salula, "ka san bambancinka da kumandan? Shi daga gidansa katakon ya fito, kai kuwa gidanka ya shiga. Kuma na ji an ce har gilashi ka sa masa."

Ya yi dariya, amma gajeruwa. Ya ce, "Kai dai ba ka da kirki. Bayan wannan nunin."

Haka muka yi ta yi har gemunsa ya yi fari, nawa ma ya yi.

Bara waccan sai idona na dama ya fara yana. Na hagu ma ya soma bin sawu. Likita a Maradi ya ce za a iya kankarewa, amma rawar da hannuna ya fara ba shi da maganinta. Babban rubutu ina iyawa. Layi siriri kuwa, in na ja shi sai ya fito kamar sawun tsutsa. Ga jikanyata, ɗiyar babban ɗana, ta kusa kai ƙarshen karatu. Yarinya ce mai kaifin kai da kaifin baki, da safe lakwal, da yamma allo. Malaminta ya ce bayan girbi za a yi walima. Na lissafa na ga tunda mahaifina ya rasu ban taɓa yi wa allon gidanmu zayyana ba ko sau ɗaya, ni da ake ce wa babban gida. In wannan ta wuce ni, babu wata.

Na ɗauki salula na yi masa saƙon murya. Ban ce bawana ba, ban yi dariya ba. Na ce, "Ɗan gwaggo, idona yana tafiya. Yarinya za ta sauke bayan girbi. Ina so in yi wa allon babana ado sau ɗaya kafin in daina gani. Ka kawo shi."

Bai amsa ba. Mako ya wuce, wani ya bi. Uwargidana ta fara cigiyar allon haya. A lokacin kuma tafiya tsakanin ƙasarmu da tasu ta yi wuya, jirage sun daina zuwa kai tsaye, takardun shiga ma sai an sha fama. Na ce a raina ko ya so ba lalle ya iya ba.

Ana cikin ɗaurin dammunan gero sai ga saƙo daga tashar Tasawa. Ya zagayo ta wata ƙasa, ya yi kwanaki a mota. Wannan karon babu babbar riga, wata ƴar shara ce duk ta yamutse, ya rame, yana rungume da wani baƙin akwati a ƙirji. Direba ya ce ya hana a ɗora shi a saman mota, a kan cinyarsa ya taho da shi tun daga Yamai.

A tsakar gida ya buɗe. Ciki duk soso ne mai laushi. Ya zaro farar safar hannu ya sa. Jikanyata da ta riga ta yi alwala tana jira, ta miƙa hannu ta ɗauke allon ta rungume.

"Kada ki taɓa gaban!" ya yi ƙara.

"Tsoho, to ran sauka da me zan riƙe shi, da haƙori?"

Gida ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi, ya cire safar ya cusa a aljihu.

Da hantsin washegari na sa aka kawo ƙwaryar ruwa mai tsabta zaure. Na shimfiɗa buzu, na ɗora allon a cinya. Ya shigo ya ga ruwan, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ba za ta iya karantawa a kansa haka ba? Ai rubutun bai goge ba. Dubi yadda na kiyaye shi."

"Ka kiyaye shi kam. Amma ka san al'adar gidan, na faɗa maka tun zuwanka na fari."

Ya zo ya zauna kusa da ni. Ya daɗe yana murza yatsunsa.

"Na sani," ya ce. "Shi ya sa ban kawo ba. Nunin nan duk gaskiya ne, amma ba su suka riƙe ni ba. Na san ran da na kawo shi za ku wanke. Ɗan kawu, ban taɓa ganin kawuna ba. Inna kuma kabarinta na can cikin na baƙi. Abin da nake da shi na gidan nan wanda zan taɓa da hannu shi ke nan. Duk abin da na zana a rayuwata daga cikinsa ya fito. In kuka wanke, me ya rage mini?"

Na shirya amsa mai kyau. Zan ce masa mahaifina ma hannun nasa uban ya wanke kafin ya yi wannan, allon da ba a wankewa kuwa ya daina aiki. Na fara faɗa ma. Amma ina magana ina kallon allon kusa da idona na hagu, sai na ga wurin da alƙalamin mahaifina ya ɗan zame a da'ira ta uku, ya gyara da ɗigon ja. Ina zaune a gefensa ran da ya yi wannan, har ya yi tsaki ya ce tsufa ya zo. Shekaru da yawa ban ga hannunsa ba.

Na ce bari dai a sha shayi tukuna. Muka sha na fari, muka sha na biyu. Na ce ruwan nan kamar akwai ƙura a ciki, a sake wani. Aka sake. Ya ce ko a bari rana ta ɗan yi sanyi, kada katako ya tsage. Na ce wannan shawara ce mai kyau.

Azahar ta gabato sai ga uwargidana ta leƙo, hannu a ƙugu.

"Ikon Allah. Maza biyu da furfura sun tasa ƙwaryar ruwa a gaba tun hantsi. Malam, in ba za ku iya ba ku faɗa, yarinya ta karanta a kan na haya kamar sauran. Ba ta mutu ba."

Jikanyata tana bayanta. Ido kawai ta zuba wa allon.

Taubashina ya kalle ta, ya kalle ni. Ya tashi ya fita, na ji yana alwala a bakin zaure. Ya dawo ya nannaɗe hannun riga.

"Kawo," ya ce. "Ni na tsare shi, ni zan sake shi. Me ake cewa?"

"Bisimilla kawai."

Ya yi bisimilla ya ɗebi ruwa da tafin hannu ya zuba. Jan ne ya fara narkewa, ya gangaro cikin ƙwarya, rawaya ta bi, baƙin ya ɗan yi gardama. Yana wankewa yana salati irin na innarsa, ni kuma na riƙe masa ƙwaryar, ban ga komai sosai ba, kuma ba yanar ido ce ta hana ni ba. Da katakon ya fito sai ya ga ba fari ba ne. Duk jikinsa ya rine da wani launi kamar na ƙasar fadama, tawadar kakanmu da ta mahaifina da ta shige cikin itacen tun da daɗewa. Ya shafa da yatsa, ya daɗe. Ruwan kuwa muka kai gindin dogon yaron bayan masallaci, inda ƙafa ba ta takawa, ya zuba da kansa.

Yanzu saura nawa alkawarin. Kafin allo ya bushe na zaunar da shi. Muka kankaro baƙin gindin tukunya, muka jiƙa ƙaro, na nuna masa yadda ake dama su a hankali har tawada ta kama alƙalami ba ta ɗiga ba. Ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau. Na koya masa fiƙe alƙalamin gamba. Ya ɓata uku kafin ya sami ɗaya, na ce bawa dai bawa ne. Ya ce ubangidan da ya shekara da shekaru bai koya wa bawansa komai ba fa?

Da aka shafe allon da farar ƙasa ya bushe, na ɗauki alƙalami zan fara da'irar farko. Na kafa ƙaya a tsakiya, na ɗaura zare, na ja. Hannu ya yi rawa, layin ya karkace. Na goge na sake, ya fi na fari muni. Na ajiye alƙalamin.

"Ba ni in gwada," ya ce.

Ko zaren bai ɗauka ba. Hannu ɗaya ya zagaya, da'ira ta fito cif. Ya sake wata a cikinta, ya fara jera ƙananan gidajen nan na gefe, yana yi kamar mai rubuta sunansa. Ashe shekarun da ya yi yana kwaikwayon adon mahaifina a jikin yadi, adon ya zauna masa a hannu fiye da ni da aka haifa a gabansa.

"To ka ji sharaɗi," na ce. "Babu fuskar mutum, babu jirgin ruwa."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Muka raba aikin. Shi ya yi zayyana, ni na rubuta ayoyin a tsakiya da babban rubutu, a hankali, harafi bayan harafi, jikanyata na tsaye a kaina tana duba kada in tsallake wasali. Da muka gama na kai allon kusa da ido, sai na lura a kusurwa huɗun ya sa wasu ƙananan layuka masu lanƙwasa da shuni, suna hawa suna sauka kamar ruwan tafki in iska ta taɓa shi. Ba a taɓa yin irinsu a allon gidanmu ba.

"Wannan fa?" na ce.

"Wanne? Malam, ai kai idonka ba ya gani."

Na ce haka ne, ba ya gani.

Ranar walima yarinya ta zauna a kan buzu gaban malamai, ta rungume allon, haruffan sabulu suna jingine da ƙirjinta, adon yana kallon jama'a kafin ta juyo shi ta fara. Ta karanta da murya tsayayya ba ta yi tuntuɓe ba. Taubashina yana zaune a sahun dangi, abin ɗaukar hotonsa a rataye, har aka shafa addu'a bai tuna da shi ba. Wani tsohon malami daga wajen Mayahi ya karɓi allon ya duba, ya ce rubutun ya gane nawa ne, adon kuwa hannun wa? Na ce na wani bawana ne da na aika Faransa koyon sana'a, sai yanzu ya dawo.

Na raka shi Tasawa ran da zai koma. Baƙin akwatin ya bar wa uwargidana, ta ce sosonsa ya yi daidai da ajiyar ƙwai. A jakarsa na sa masa ƙullin ƙaro da alƙaluman gamba da shi ya fiƙe. Mota na cika, ya leƙo ta taga.

"Ɗan kawu, akwai wani nuni da za a yi baɗi..."

"Direba, ja motarka!"

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "To na biya bashin allo ko?"

"Ka biya. Ni fa?"

Ya ɗaga mini hannayensa biyu. Tawada ta shiga ƙarƙashin faratansa, ta ƙi fita duk wankin da ya yi.

"Ka biya," ya ce.